Shahadar Wata 6 Ba Ta Kai Mutum Asibiti

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa, ya aiki ya iyali? Ni a Makka aka haife ni, a Shara Mansur, igama (takardar zama) gare ni ba jinsiyya (shaidar zama 'yar ƙasa) ba. Shekarata 29, yarana biyu. Na gama sanawiyya, wato sakandare, a nan, aure ya zo, karatu ya tsaya. Sana'armu girki, ni da Umma: tuwon shinkafa, masa da fura. In lokacin Umarar azumi ko aikin Hajji ya zo har ba ma iya cika oda. Shekara 4 ke nan da aka gano Umma tana da ciwon suga, tun daga nan nake ta karance-karance a waya kan abinci har abin ya shiga raina. Yanzu na ga talla a Instagram, wai difloma ce ta ilimin abinci mai gina jiki, wata 6 ta intanet, riyal 3,500. Sun ce shahadar, wato takardar kammalawa, ta duniya ce, in na gama na zama akhisa'iyar taghziya, wato ƙwararriya kan tsara abinci, zan iya aiki a mustashfa (asibiti) ko in buɗe wurin ba da shawara. Sun ce ragin kuɗin zai ƙare ƙarshen wata. Kuɗin adashena nake so in zuba. Anti, in biya?

Ƙanwarki daga Makka

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri da kike tsaye a kanta. Kar ki biya. Ki bar kuɗin adashenki inda yake. Ragin nan da aka ce zai ƙare ƙarshen wata, ki leƙa bayan Sallah, za ki tarar yana nan daram, launin tallan kawai za a canza. Mai sayar da ilimi yana ƙirga miki kwanaki, so yake kar ki samu sukunin yin irin tambayar da kika yi min.

Amma kar ki ji na ce kar ki biya ki ɗauka na ce kar ki yi karatu. Abu uku tallan ya cuɗe wuri guda, da gangan kuma: ilimin kansa, da takardar da ake miƙa wa mutum in ya gama, da izinin taɓa marar lafiya. Ilimin yana nan a intanet, mai kyau ma, wani ko kwabo ba za ki biya ba. Takarda kuwa duk mai injin buga takarda zai iya ba ki ita har da hatimi mai ruwan zinare. Izinin ne ƙofa ɗaya tak gare shi a ƙasar nan, ita ce Hai'ar Takhassusat, hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya, wadda aka kafa tun 1992. Likita ne, nas ce, mai ɗakin gwajin jini ne, mai tsara abincin marasa lafiya ce irina, ba wanda zai sa farar riga a asibiti ko mustausaf (ƙaramin asibiti) sai da rajistarta. Abin da take nema wajen mai son sunan akhisa'iya shi ne digirin jami'a wanda aka yi ana shiga ɗakin gwaji da ɗakin marasa lafiya, da shekarar imtiyaz ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan jarrabawa. Daura, wato kwas, ta wata 6 ba ta ma cikin lissafinta.

Bari in ba ki nawa labarin ki auna. A Jidda na tashi, a Sabil, unguwar da yanzu sai dai labari tunda aka rushe ta. Da na gama sanawiyya mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tura ni Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman, don a lokacin Sudan ce hanyar da 'ya'yan baƙi irinmu suka fi bi. Kafin a fara yi mana maganar abinci sai da muka sha kimiyyar sinadarai da ilimin yadda hanta da ƙoda da hanji suke aiki, har na fara tunanin ko ajin likitoci na faɗa bisa kuskure. Daga baya aka kai mu asibiti muna bin na gaba da mu gado-gado, muna lissafi suna gyara mana da jan biro. Da na dawo, kamfanin DataFlow ya bi takarduna har makarantar ya tabbatar ba na jabu ba ne, na zauna jarrabawar Prometric a gaban kwamfuta, sannan sunana ya fito. Ba alfahari nake ba, so nake ki ga nisan da ke tsakanin wannan da bidiyon da za a turo miki ta WhatsApp.

Akwai kuma doka. Wanda ya yi aikin lafiya ba lasisi a Saudiyya, hukuncinsa ɗauri ne da zai iya kai wata 6, ko tara har riyal 100,000, ko duka biyun. Ke mai igama ba sai na faɗa miki abin da ƙaramar matsala da hukuma take jawowa ba. Ko masu lasisin ma ƙofar ta ƙara tsukewa: tun watan Afrilun 2025, kashi 80 cikin 100 na guraben taghziya ilajiyya, wato tsara abincin marasa lafiya, a asibitocin kuɗi na manyan birane, har da Makka da Madina da Jidda, an ware wa 'yan ƙasa ne. Wanda ya ce miki takardarsa za ta ba ki aiki a mustashfa, ko bai san wannan ba, ko ya sani ya yi shiru.

Za ki iya cewa, to Anti, abinci ne fa ba tiyata ba, me ya kawo wannan tsanani? Wani dattijo ne ya ba ni amsar, shekarun baya. Mutumin Katsina ne, ya daɗe a nan, ana yi masa wankin ƙoda sau 3 a mako. Wata ƙawar surukarsa ta gama irin daurar nan, da kyakkyawar niyya ta ce a riƙa haɗa masa lemon wanke jiki kullum da safe: alayyafo, ayaba, dabino da lemon zaƙi a markaɗe. Ga ni ko ke, wannan karin kumallo ne mai kyau. Amma duka huɗun cike suke da sinadarin potasiyam, ƙoda ce kuma take fitar da rararsa, tasa kuwa ta daina aiki. A jinin mai lafiya potasiyam yana tsakanin 3.5 da 5. Ranar da aka kawo shi ƙafafunsa sun mutu, zuciya tana tsalle-tsalle, nasa ya kusa 7. Cikin dare aka ɗora shi kan inji, Allah ya yi da sauran kwana. Da na zauna da yarinyar daga baya, ban ga mugunta a tare da ita ba ko ƙwayar zarra. An koya mata cewa ganye da 'ya'yan itace suna da amfani, gaskiya ne kuwa, amma ba wanda ya koya mata wa za a hana. Haka mai shan warfarin, maganin tsinka jini: in ya tashi rana ɗaya ya fara zabga zogale da mulukhiyya alhali da ba ya ci, bitamin K ɗin da ke ciki zai rage ƙarfin maganin. Irin waɗannan ba a gane su sai an tsaya gaban marar lafiya da takardar gwajin jininsa a hannu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutanenmu, a wannan aikin kuwa wuyan wani yake shaƙewa.

Kalmar "ta duniya" ma ki daina jin tsoronta. Babu wata shahada guda da duniya ta yarda da ita a wannan fanni, kowace ƙasa da hukumarta. A Amurka, tun ranar 1 ga Janairun 2024 ba a barin mutum ya zauna jarrabawar zama mai tsara abincin marasa lafiya sai yana da digiri na biyu, ga kuma horo na awa 1,000 ƙarƙashin kulawa. A Ingila sunan kansa doka ta tsare shi, sai mai rajista. To ƙasashen da ake jingina takardar da su ke nan. Ni ma fa an taɓa ci da ni, kar ki ɗauka ni waliyyiya ce. Lokacin kullen korona na biya riyal 900 wa wata daura kan abincin masu motsa jiki. Da aka buɗe min, sai na tarar hotuna ne aka jera wani yana karanta abin da ke rubuce, jarrabawar kuma tambaya 10 ce, in ka faɗi ka sake dannawa har ka ci. Takardar tana nan ƙarƙashin katifa, kunya ta hana ni nuna wa kowa.

Yanzu mu zo inda ya fi min daɗi, wato karatun gaskiya. Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, wadda ta yi suna a duniya kan noma da abinci, tana da darussa a dandalin karatu na edX kan sitaci da maiƙo da furotin da matsalar ƙiba, da wasu kan bitamin da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ana iya bin darussan kyauta, takardar ce ake biya, ke kuma ba takardar kike nema ba. Jami'ar Stanford tana da gajeren kwas na share fage kan abinci da lafiya a Coursera, mai sauƙi, har da girki a ciki. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da makarantarta ta intanet, kyauta, wasu darussan da Larabci. Tunda a nan kika yi sanawiyya, Larabcinki ya fi Turancinki, don haka ki fara da dandalin Edraak da gidauniyar Sarauniya Raniya ta Jodan ta buɗe a 2014, ko Rwaq na nan Saudiyya, sannan ki lallaɓa zuwa na Turancin, da yawansu akwai fassarar Larabci a ƙasan bidiyon. In kuma wata rana kika ga daurar kuɗi a nan cikin gida ta burge ki, ki nemi lambar lasisinsu daga cibiyar ƙasa mai kula da karatu ta intanet, ki nemi sunan mai koyarwa da lambar rajistarsa a Hai'a. Mai gaskiya zai turo miki kafin ki gama shan shayi.

Ga yadda nake gane kwas na ƙwarai: yana koya miki shakka. Misali, a shekarun 1980 masana sun lura cewa masu yawan cin karas da ganye ba su cika kamuwa da kansar huhu ba. Sai aka ce ai sinadarin beta-karotin ne, bari a matse shi a ƙwaya a huta. A Finland aka gwada a kan maza masu shan taba kimanin 29,000, wasu aka ba su ƙwayar, wasu aka ba su wadda ba ta ɗauke da shi. Da sakamako ya fito a 1994, masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da kansar da kashi 18 cikin 100. Malamin da ya ba ki irin wannan labari, ya nuna miki bambancin "an lura" da "an gwada", ki riƙe shi. Wanda kuma kowane darasinsa yake ƙarewa da wani gari ko shayi ko ƙwaya da za ki saya a wajensa, wannan ɗan kasuwa ne, Allah ya ba shi ciniki a wani wurin.

Sai dai akwai giɓin da duk kwasa-kwasan nan suke da shi, kuma nan ne nake ganin rabonki. Ba su san tuwo ba. Za su yi miki misali da burodin alkama da cuku da kifin teku, na Larabci su yi miki da kabsa da tamis, amma ba wanda zai faɗa miki abin da ke cikin malmalar tuwon shinkafa guda. Ke ce za ki iya sani. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin, kuɗinsa bai kai na kaza biyu ba. Ɗanyar farar shinkafa giram 100 tana da sitaci kusan giram 80. Ke nan in kika zuba kilo 1 a tukunya, sitaci giram 800 kika zuba. In tukunyar ta ba ki malmala 12, kowace tana ɗauke da kusan giram 67. Gwangwanin lemon kwalba mai cin mililita 330 yana da suga kamar giram 35, cokalin shayi kusan 9. Sitaci kuwa in ya shiga ciki suga yake komawa, tuwon shinkafa kuma da yake an dafa shi ya yi lugub an tuƙa, ba ya ɓata lokaci wajen shiga jini. Kin ga Umma da ta bar lemon kwalba tana ganin ta kiyaye, in ta cinye malmala biyu da dare lissafin bai fita ba. Ba cewa nake ta bar tuwo ba, Bahaushiya ba ta barin tuwo, ƙarya ce kawai za ta fara yi miki. A rage malmalar, a cika kwano da miyar kuka ko kuɓewa, a sa nama ko kifi ko wake.

Haka za ki bi masar da kike soyawa: giram 1 na mai yana da kalori 9, sitaci da furotin 4 kowanne, cokalin cin abinci guda na mai ya kai kalori 120. Ki auna man da kika fara da shi da wanda ya rage bayan kin sauke tanda, ki raba da yawan masar. Fura kuwa gero da nono ba su da laifi, sugan da ake ambaɗawa ne abin dubawa. Akwai littafin da FAO ta fitar a 2012 ta kuma faɗaɗa shi a 2019, jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma, kyauta ake sauke shi. Gero, dawa, kuka, daddawa, zogale, duk suna ciki. Za ki sha mamakin yadda kakanninmu suka riga kimiyya: jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, yadda ake yin kamu, yana rage wani sinadari da ke hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Mu kuma da muka zo nan muka koyi kurɓar baƙin shayi da zarar an ɗauke kwano, shi kuwa shayi tare wannan sinadarin ƙarfen yake yi. A ba shi tazarar awa ɗaya, a matsa lemon tsami a abinci. Gishiri ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a yini, ƙasa da cokalin shayi guda, alhali kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Ki ƙirga nawa kike jefawa a tukunyar miya, ki gwada rage biyu ki ƙara daddawa.

Wata magana kan Umma kafin in wuce. In tana allurar insulin ko tana shan ƙwayoyi irin su gliklazayid, kar ki rage mata abinci da kanki ba tare da likitanta ya san ya daidaita maganin ba, don suga zai iya faɗuwa, faɗuwarsa kuma ta fi hawansa saurin kai mutum ƙasa. Ƙasa da 70 a na'urar gwaji haɗari ne. Da azumi, in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, sai ta sha ruwa, ba jira. Ku ga likita mako 6 zuwa 8 kafin watan ya kama. Dabino sunna ne, amma 3 matsakaita sun kai giram 15 zuwa 20 na suga, ga Vimto ga subiya ga sambusa suna jiran layi.

Kuma tunda girki ne abincinku, akwai karatun da zai amfane ki tun gobe da safe, shi ne na tsaftar abinci. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na zafi, shi ya sa ba a son dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, balle a zafin Makka da ke haura 45. Shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, in tuwo ya daɗe yana hucewa a leda sai ta farka ta zuba dafi, ɗumame kuma ba ya kashe dafin. Alhajin da ya sayi tuwo da azahar ya ajiye a ɗakin otal sai bayan isha'i, ke zai zaga in amai ya kama shi. Ki nemi shahada sihhiyya, wato takardar shaidar lafiya ta baladiyya (hukumar gari), da horon da ke tare da ita, wannan takarda ce da hukuma ta sani. Ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na manya a Saudiyya yana da ciwon, alhazanmu ma da yawa da jakar magani suke sauka. Mai tuwon da za ta iya cewa "Baba, wannan malmalar ƙarama ce, miyar ba magi da yawa, furar ba suga", ba ta karya dokar aikin lafiya ba, ba ta yi wa kowa magani ba, kuma ba za ta rasa ciniki ba.

In kuwa kin gama kwas biyu ko uku kika ji har yanzu asibitin kike so, to sai a yi maganar digiri. Jami'ar Ummul Ƙura a nan Makka tana da sashen, haka Jami'ar Malik Abdul'aziz a Jidda da Jami'ar Ɗaiba a Madina. Akwai minha, wato tallafin karatu, ta cikin gida ga 'ya'yan masu igama, sai dai kujerun fannin lafiya su ne mafi wuyar samu, kwalejojin kuɗi kuma tsada. Hanyar Sudan da na bi, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe ta, Allah ya kawo musu sauƙi. A Nijeriya, Ibadan da Nsukka sun daɗe suna koyar da fannin. Wannan shawara ce ta shekaru, da ke da maigida da Umma za ku zauna. Ki rubuto min bayan kin auna tukunyar farko, ina so in ji malmala nawa kilo yake ba ki.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni nas ce daga Kano, shekara 3 ina aiki a wani asibitin kuɗi a Jidda, ɓangaren masu ciwon suga. Marasa lafiya suna yawan tambayata abin da za su ci, ni kuma abin da aka koya mana a makaranta kaɗan ne. Kwas ta intanet zai yi min amfani?

Ƙanwarki a Jidda

AMSA

Ke kam don irinki aka yi shi. Kina da lasisi, kin san jiki, kina ganin marasa lafiya kullum, abin da za ki karanta da dare za ki gan shi a gado da safe. Kuma dama Hai'a tana neman awoyin ƙaro ilimi kafin ki sabunta rajista, to ki jefi tsuntsu biyu: ki zaɓi daurar da ke da lambar amincewar Hai'a, ki kuma tabbatar awoyin sun shiga asusunki na Mumaris Plus, dandalin Hai'a na intanet, don wata daurar tana da kyau amma ba a ƙirga ta. Ki fi ba da ƙarfi kan lissafin sitaci ga masu allurar insulin da kuma azumin mai ciwon suga, su ne tambayoyin da za su fi zo miki. Sunanki dai yana nan nas, kwas ba zai mayar da ke akhisa'iya ba, don haka mai ciwon ƙoda da mai juna biyu da yaro ƙarami ki tura mana su. In kina da niyyar komawa gida wata rana, ki leƙa Agora, dandalin karatu na UNICEF, ki yi darussan tamowa. Can za ki koyi awon damtsen yaro da tef, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nufin tamowa mai tsanani. A Kano da Katsina da Jigawa wannan ilimin ba zai yi kwantai ba.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni direba ne a Madina. Iyalina ta gama wata daura ta abinci a waya, yanzu waɗanda suka koyar da ita sun ce ta sayi katan 10 na shayin rage ƙiba ta riƙa sayar wa mata, in ta kawo wasu su shiga a ba ta kaso. In ba ta jarin?

Wani ɗan'uwa daga Madina

AMSA

Malam, barka kadai, Allah ya tsare hanya. Daurar tarko ce, katan 10 ɗin nan shi ne ainihin cinikin. Ka ɗauki fakiti guda ka juya bayansa. Da yawan irin shayin nan sanamakki ne a ciki, ganyen da muke kira filasko a gida, aikinsa sa gudawa. Ma'auni zai nuna an ragu da kilo ɗaya ko biyu, amma ruwa ne ya fita da gishirin jiki, kitsen yana nan inda yake, in aka daɗe ana sha kuma hanji ya saba, sai ya ƙi motsi in babu shi. Wasu kayan rage ƙiba an sha kama su da sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Ka nemi lambar rajistar kayan a Hai'ar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, ka duba da kanka a wayarka. In babu, ranar da wata mai hawan jini ta sha ta faɗi, ba kamfanin za a nema ba, gidanka za a ƙwanƙwasa, don a hannun iyalinka aka saya.